Baffana Mai Motar Masaƙa

Ranar da aka rufe Baffa, tashar Filingue ba ta yi lodi ba sai bayan azahar. Direbobin nan da ko ranar Salla ba sa barin fasinja ya wuce, sai ga su sun jero motocinsu tun daga ƙofar gida har bakin masallaci, sun kashe inji, sun bi gawa da ƙafa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙanen mahaifina ne, autan ɗakinsu, kuma shi ne na ƙarshe da ya rage mai ce mini ɗiyata. Yanzu duk wanda ya shigo gidan nan ni yake durƙusa wa, ni kuwa ba ni da wanda zan durƙusa wa.

Masu gaisuwa kowa da irin kukansa. Wata Bazabarma ta taso tun daga Baleyara, ta faɗi tsakar gida tana kuka da Zabarmanci, sai da ta huce ta juya Hausa, ta ce shekara da shekaru yana kai mata ƙwai Yamai, ko ɗaya bai taɓa fashewa a motarsa ba. Wani tsohon Bafillace daga arewacin Sanam ya ajiye ƙwaryar nono a zaure, ya zauna kwana uku, ban da amin ba a ji bakinsa ba. Tsofaffin direbobi kuwa hirar mota suka mayar da zaman makokin, ina jin su ta bayan zana. Wannan ya ce tasa 'yar Japan tun yana saurayi yake bin hanyar Yamai da ita, ga shi har ya yi jika ba a sauke injin ba. Wancan ya ce tasa ruwan damina ya ja ta ya kifar a rafi, aka jawo ta da igiya, aka ba ta wuta ta tashi. Na san akwai gishiri a ciki, direba ba ya labari babu gishiri. Na ƙyale su, don da Baffa yana nan shi zai fi kowa zubawa.

Wanda ya ɓata mini rai wani surukin gidan ne, ma'aikaci a Yamai. Na ji ya ce, "Allah ya jiƙan tsoho. An ce shi ma ya taɓa tuƙi a da." Ya taɓa tuƙi! Wallahi ba don idon mutane ba da na fito masa da muciya. Daga baya na ga ba laifinsa ba ne. Ya buɗe ido ya ga motocin Japan cike da tasha, ya ɗauka tare da duwatsun Filingue aka halicce su. Shi ya sa na ce sai na faɗi abin da na gani, kafin ni ma a zo gaisuwata a ce an ce ta taɓa yin wani baffa.

Tun kafin 'yancin kai Baffa yake bin mota. Aparanti ne, wato yaron mota, a kamiyo, babbar motar kaya ta wani gidan ciniki na Turawa, daga baya ya karɓi sitiyari. A lokacin in ka ce mota, to ta Faransa kake nufi, babu wata. Japan kuwa zagi ne. Tocilar da za ta mutu cikin mako, agogon da zai tsaya ranar da ka saya, kwanon da zai lotse in kaza ta taka shi, duk Japan ake ce musu. Har mutum in ba shi da ƙwari sai a ce ai wane Japan ne.

Da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, Baffa ya riƙe wata magana da bai sake ta ba har tsufansa. Yakan ce, "An ce kai ya samu 'yanci. To ai ido cikin kai yake, shi ma ya samu. Sai ya dubi gabas ya dubi yamma." Shi dai gabas ya duba. Wani makaniki ɗan Dahome a Yamai ya nuna masa wata mota mai buɗaɗɗen baya, ruwan ƙasa, wadda wasu masu haƙar rijiyoyi suka gama aiki da ita suna neman mai saye. Makanikin ne ya ba shi labarin masu ƙera ta, Baffa kuwa ya haddace labarin kamar karatun allo. Wai asalin gidan masaƙa ne. Kakansu injin saƙa yake ƙerawa, kuma injin nasa in zare guda ya tsinke sai ya tsaya cak da kansa, ba ya yarda ya ci gaba da ɓata zane. Ɗansa ne ya juya ga mota. Yaƙi ya zo ya ƙone ƙasarsu ƙurmus, suka tashi daga toka suka ci gaba da aiki. Ni dai ban je Japan ba, haka ya faɗa mana. Kullum kuma da abu ɗaya yake rufe labarin, ya ce, "Wanda ya tsaya don zare guda, ba shi barin noti sake."

Kuskurensa shi ne da ya faɗi labarin nan a kasuwa. Mu mutanen Kurfai kuwa, wato ƙasar Filingue, Allah ya shirya mu, ba mu ji komai a ciki ba sai kalma guda: masaƙa. Kafin la'asar duk gari ya ɗauka, wai Auta zai sayi motar masaƙa. Masu shayi suna tambayarsa ko da ƙoshiyar saƙa ake tuƙa ta, ko in ta mutu zaren abawa ake zuba mata.

Dariyar gari ba ta dame shi ba. Abin da ya kawo rigima shanu ne. Kakanmu ya rasu ya bar garke, aka raba tsakanin Baba da Baffa, amma shanun suna tare a hannun Baba, a tungarmu can gaba da Sanam, inda ya haƙa rijiya da hannunsa. Baffa ya zo ya ware rabonsa kaf, ya kora su kasuwar Baleyara. Haƙƙinsa ne, ba wanda ya ce ba nasa ba ne. Amma a ciki akwai jikokin jar saniyar da uwarsu ta zo da ita gidan aure, waɗanda Baba ya san kowace da sunanta. Ina 'yar budurwa lokacin, na ga Baba ya tsaya bakin rijiya yana kallon su har suka ɓace. Daren nan da washegari bai taɓa tuwo ba.

Ranar kasuwar Filingue Baffa ya shigo da motar, yara na bin ta da gudu. Ya hango Baba a rumfar masu igiya, ya taka burki, ya sauko da murna ya buɗe masa ƙofar gaba, ya ce, "Yaya, shigo ka sa mata albarka."

Baba ya dubi motar, ya dubi ƙanensa, ya ɗaga murya yadda har mahauta sai da suka ajiye wuƙa. Ya ce, "Ka sai da nonon uwarmu ka sayi aikin masaƙa. Wallahi tallahi, ƙafata ba ta taka cikin gwangwanin ga har in koma ga Allah!"

Baffa ya mayar da ƙofar ya rufe, ya ce, "To, Yaya." Daga ranar suna gaisawa, don Musulunci bai yarda da gaba ba, amma hannunsu bai ƙara haɗuwa a akushi ɗaya ba.

Motar kuwa ta ƙi mutuwa, abin da ya fi ba mutane haushi ke nan. Aka ba ta wata uku, aka ba ta damina guda, aka ce bari ta ga yashin Sanam. Ta ga yashin Sanam, yashin Sanam ya gan ta. Baffa ma yana da hannu a ciki, don ban taɓa ganin mai kula da abu irinsa ba. Da safe ba ya kai koko bakinsa sai ya buɗe gabanta ya duba mai ya duba ruwa, yana cewa, "Dabba aka fara shayarwa, kana mai ita." Yakan ɗora bakin sanda a kan inji, ya sa ɗaya bakin a kunnensa, ya lumshe ido, wai yana jin lafiyarta. Kullum da salkar ruwa rataye a gefenta. Duk mai tafiya a ƙasa da ya tarar a daji, in da wuri ya ɗauke shi, in babu ya tsaya ya ba shi ruwa.

Zuciya kuwa akwai ta, kada in yi wa mamaci ƙarya. Abu ɗaya ba ya yafewa, a buga masa ƙofa. Wani babban ma'aikaci ya taɓa shiga a Yamai, ya rufe ƙofar da ƙarfi, garam. Baffa ya ƙyale shi. A hanya mutumin ya sauka kama ruwa, ya dawo ya sake bugawa. Suna isa Baleyara Baffa ya sauke masa jakarsa a gindin bishiya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga motocin Faransa nan tafe, su sunka saba da duka." Ya ja ya bar shi tsaye da takalminsa mai ƙyalli.

Wani abin da ya sa aka daɗe ana ce masa mahaukaci shi ne yadda yake shiga yashi. Sauran direbobi in sun ga yashi sai su ƙara wuta su afka masa. Shi sai ya tsaya tun daga bakinsa, ya durƙusa ya saki iskar tayoyinsa da tsinke har su yi laushi, ya murɗa wani abu a tsakiyar tayoyin gaba, ya ja ƙaramin sandan giya, sa'an nan ya shiga a hankali. In ya fita sai ya ɗauko famfon hannu ya mayar da iskar, yana zufa. Fasinja su yi ta ƙorafi, shi kuwa ya ce, "Yashi ba a yi mishi faɗa. Tafin raƙumi shi ka so, ba kofaton doki ba."

Amma abin da ke sa ni hawaye har yau shi ne in ya gamu da Baba a hanya. Daga tungarmu zuwa Filingue tafiyar kwana uku ce, Baba kuwa da ƙafa yake yin ta, ko a kan jaki. In Baffa ya hango shi sai ya rage wuta, ya jera da shi, mota na rarrafe daidai da takun mutum. Ya leƙo ya ce, "Yaya, ina gajiya? Ina su Inna? Ina shanu?" Baba ya amsa yana kallon gabansa. Baffa ya miƙo masa kwanon ruwa ta taga, Baba ya sha ya mayar, don ruwa ba ya cikin rantsuwa. Haka za su tafi har fasinja su fara tsaki, sa'an nan ya ce, "To sai ka iso," ya wuce. Bai ƙara ce masa shigo ba, ko sau ɗaya, shekara da shekaru.

Sai fari ya zo. Wanda bai gani ba ba zai gane ba, ni kuma ba na son tsawaitawa. Damina ta zo ba ruwa, wata ta biyo ta haka. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Muka cinye na rumbu, muka koma dussa, muka koma anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu. Mata suka riƙa fasa gidan tururuwa suna neman ƙwayar da ta ɓoye. Shanun Baba suka riƙa kwantawa ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga su da itace, har ya zamana shi ma ba shi da ƙarfin ɗagawa. Ta ƙarshe a bakin rijiya ta mutu, rijiyar ma laka take bayarwa.

Ni ina can tungar a lokacin. Na yi aure a Filingue, na koma gida haihuwar fari kamar yadda aka saba, maigidana kuwa yana kurmi neman abin da za mu ci. Na haihu, ɗa namiji, ban cika arba'in ba nono ya fara ƙafewa. Mutanen tunga suka kwashe suka nufi kudu da ƙafa, gida bayan gida. Mu muka rage, ni da Inna mahaifiyata da jariri da Baba, don ƙafafun Baba sun kumbura suntum, irin kumburin yunwa, in ka danna yatsa sai ramin ya zauna. Ko bayan gida sai mun riƙe shi. Ya ce mu bi mutane mu bar shi. Inna ta ce tare aka ɗaura, tare za a kwance.

A Filingue kuwa dawar taimako ta iso, wata ja, a manyan kamiyoyi, amma kamiyoyin ba sa wuce inda yashi ya fara. Baffa ne ke ɗiba a motarsa yana kaiwa Sanam. A can ya ga mutanen tungarmu a layin rabo, ya bi fuskoki bai ga namu ba. Ya tambaya aka faɗa masa. An ce ko buhunan bai tsaya an gama saukewa ba, ya ture sauran ƙasa ya juya kan mota.

Rana tsaka muka ji ƙugin inji. Inna ta ce kunnenta ne, yunwa na sa haka. Sai ga ta ta ɓullo ta bayan tudu, ruwan ƙasa, salka na lilo a gefe. Ban san lokacin da na yi guɗa ba, muryar ma ba ta fita. Baffa ya sauko, ya dube mu, ya kawar da kai. Ya ba mu ruwa kaɗan kaɗan, ya dama mana gari a kwano, ya durƙusa gaban Baba inda yake kwance a inuwar bukka. Karo na farko tun ranar kasuwa ya ce, "Yaya, tashi mu tafi."

Baba ya ce, "Kwashe su. Ni na rantse."

"Ai akwai kaffara, Yaya."

"Da mi? Miskinai goma zan ciyar? Ni na miskinin, ga ni kwance."

"To azumi uku, in ka warke."

"Auta, gaban kasuwa na rantse. Shanu sun tafi, gero ya tafi, rijiya ta tafi. Magana ɗai ta rage mini. Ita ma kana so in sai da?"

Inna ta koma ta zauna kusa da shi ta miƙe ƙafa, ta ce to ita ma ba inda za ta. Ni ina tsaye da jariri a hannu, ya daina kuka tun jiya, sai dai ya buɗe baki. Wallahi a ranar na ji haushin ubana, haushin da ban taɓa ji ba. Na ce a raina, dattijon nan zai kashe mu duka saboda masu igiya da mahautan Filingue.

Baffa bai yi faɗa ba, shi da ke sauke mutum a hanya don ƙofa. Ya zauna a ƙasa yana zane da tsinke, can ya ɗago ya ce, "Yaya, ni ka rantse wa. Kalmominka suna nan cikin kaina, ko ɗaya ba ta faɗi ba. Cewa ka yi ƙafarka ba ta taka ciki. Ko ba haka ba?"

Baba ya ce, "Haka na."

"Ka ce bayanka?"

Baba ya juya fuska gefe.

"Ka ce kanka? Ka ce mazauninka?"

Inna ta sa gefen zane ta rufe baki. Baffa ya tashi ya juyo da motar har bakin bukka, ya saki marfin baya ya kwanta, ya shimfiɗa tabarma. Ya zo ya sunkuya ya goya yayansa, mutumin da ya goya shi yana ƙarami, ya ajiye shi a bakin marfin, jiki a ciki, ƙafafu biyu na reto a waje. Ya kwance rawaninsa ya ɗaure shi ta ƙirji da ƙarfen gefe don kada ya zame. Baba yana ta faɗin, "Wanga wayon masaƙa na! Sauke ni!" amma hannunsa na riƙe da ƙarfen gam. Inna ta fashe da dariya har da hawaye, rabon da in ji dariyarta tun kafin shanu su fara mutuwa.

Aka sa ni gaba saboda jariri, na ce a'a, baya zan zauna. Na miƙa wa Inna shi, na zauna kusa da Baba ina jiƙa tsumma da ruwan salka ina lulluɓe masa ƙafafu, don rana na dukan su kai tsaye. Haka muka kama hanya.

Tsakanin Sanam da Filingue akwai wani kwari mai yashi, fari fat, mai zurfi. Muka tarar da kamiyo biyu sun nutse har ciki, direbobinsu kwance ƙarƙashi sun gaji da tono. Ɗayansu yana cikin masu tambayar Baffa ƙoshiya a da. Ya taso yana ɗaga hannu, ya ce, "Auta, kada ka shiga! Kwana biyu muna nan!" Ruwan salka ya kusa ƙarewa, a ƙafafun Baba na zuba rabinsa. In muka maƙale, wa zai tura? Ni mai jego, ko Inna, ko wanda aka ɗaure da rawani?

Baffa ya sauka, ya bi tayoyin nan huɗu da tsinkensa, iska na fita, fiii, direbobin na kallo. Ya murɗa na gaba, ya shiga, ya ce bismillahi. Motar ta sa kai cikin yashi tana gurnani ƙasa ƙasa. Ta yi kamar za ta tsaya, na ji bayanta ya zauna, diddigen Baba har yana jan layi a yashi. Na rufe ido. Sai na ji muryar Baba a kunnena, ƙasa ƙasa, yana cewa, "Haba 'yar masaƙa. Haba ɗiyar albarka. Kada ki ba mu kunya." Ta yunƙura, ta kama, ta ja. Muka wuce kamiyo ta farko, muka wuce ta biyu, muka hau tudu. Direbobin nan suka jefa hulunansu sama suna kabbara. Baffa ya bar musu sauran garin da rabin ruwan da ya rage, ya ce gobe zai dawo da igiya. Ya kuwa dawo.

Da la'asar muka shiga Filingue, kuma hanyar gidan Baffa ta gefen kasuwa take bi. Ba kasuwar kirki, mutane ne dai zube suna jiran rabo, fuskoki duk sun faɗa. Wani ya hango mu ya nuna da yatsa. Ga motar masaƙa, ga mai rantsuwa zaune a baya ɗaure da rawani, ƙafafu biyu naɗe da tsumma suna lilo a waje. Na zaci Baba zai sunkuyar da kai. Ina! Ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya ɗaga su sama, ya ce, "Jama'a, ku shaida! Ba ta taka ba!"

Suka amsa baki ɗaya, "Mun shaida!" Mutanen da suka yi watanni ba su yi dariya ba suka riƙa faɗuwa kan juna. Mata na guɗa, yara suka biyo mu da tafi har ƙofar gida. Ban taɓa ganin an shiga gari da nasara irin ta ranar ba, kuma da tsumma da yunwa muka shigo.

Jaririn ya rayu. Matar Baffa ta sa ni gaba da kunu har nono ya dawo. Jaririn nan shi ne babban ɗana da ya yi wa Baffa wankan gawa. Baba ma kumburin ya saɓe a hankali, har ya fara takawa da sanda. Liman ya zo duba shi, ya sha dariyarsa, sa'an nan ya rage murya ya ce, "Mutane sun shaida ƙafa. Amma rantsuwa niyya take bi, kai ka san abin da ka nufa ranar." Baba ya haɗe rai. Baffa ya ce in kaffara ce ga dawa, a ciyar da goma. Baba ya ce, "Kai ka rantse, ko ni?"

Bayan kamar wata guda Inna ta lura ana mayar da kokonsa na safe ba a taɓa ba, na rana ma haka. Ta yi masa magana ya ce ta bar shi. Mutumin da yunwa ta kusa kaiwa kabari, ga shi yana azumi a gidan da ake dafa abinci. Kwana uku cur ya yi, bai faɗa wa kowa dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba.

A kwanakin nan Baffa na cikin damuwa. Ana ta kawo labarin makiyaya da suka maƙale a rijiyoyin arewa, dabbobi sun ƙare, ba ƙarfin tafiya. Ya fita neman su sau biyu ya dawo da mutum uku kacal, don shi hanyar mota ya sani, bai san inda Fulani da Buzaye ke sauka in ruwa ya ƙafe ba. Safiya ta huɗu da fara azumin Baba, Baffa yana ƙofar gida, ya ɗaga marfin gaba yana duba mai, ni ina shara. Sai ga Baba ya fito da sandarsa da butarsa, ya sa rigarsa ta zuwa kasuwa. Bai dubi kowa ba. Ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba, ya ce bismillahi, ya ɗaga ƙafar dama ya taka ciki, ya jawo ta hagu, ya zauna ya gyara riga.

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Baffa ya leƙo ta gefen marfin, baki buɗe, ya ce, "Yaya, ƙafar fa?"

Baba ya ce, "Tawa ce, na fanshe ta. Akwai rijiya bakwai gaba da tungarmu, kai ba ka san ko ɗaya ba. Tada mota, Auta, mutane na jira."

Baffa ya mayar da kansa cikin injin, ya daɗe a can, kafaɗunsa na rawa. Da ya fito ya share fuska da hannun riga, ya shiga ya ba ta wuta. Da yamma suka dawo bayan motar cike da mutane har kan marfi, washegari suka koma, jibi ma haka, har ruwan sama ya sauka.

Wannan shi ne mutumin da muka kai makwancinsa. Ya Allah, ya shayar da bayinka a hanya bai tambayi sunansu ba, ka shayar da shi daga tafkin Annabinka. Ka yafe masa zafin zuciyarsa, ka yalwata masa kabari, ka sada shi da yayansa a inda ba fari ba ƙishirwa. Mu da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.